Kirsimeti A Cikin Hazo: Shawarwari Ga Iyalan Kafanchan Da Kewaye

Da zarar hazo ya lulluɓe Dutsen Kagoro har ido ya kasa raba shi da sararin sama, ba sai an duba kalanda ba, kowa ya san Disamba ta kankama. Leɓe ya fara tsagewa, ƙafa ta yi kaushi, tsofaffi sun zaƙulo rigunan sanyinsu na shekara da shekaru. A cikin gari teloli sun daina barci, masu kitso sun daina ɗaukar sabon alkawari, motoci daga Abuja da Kaduna da Jos sai sauke 'yan gida suke yi da buhunan shinkafa da jarkokin mai. Ba mai cewa ba ma son Kirsimeti a wannan yanki. Sai dai da yawanmu mukan shiga Janairu da gajiya da bashi da ciwon baya, in aka tambaye mu abin da ya taɓa zuciyarmu a duk kwanakin nan, sai mu hau sosa ƙeya. An ci, an sha, an yi anko, amma mamakin cewa Allah ya zama jariri ya wuce mu kamar jirgin da bai tsaya a tasha ba.

Shawarwarin nan babu mai cin kuɗi a cikinsu. Wasu ma aljihu za su sauƙaƙa wa.

1. Ku fara tun ranar ba ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan'uwanmu Katolika da Angalika suna ware Lahadi huɗu kafin Kirsimeti don shirin zuwan Almasihu, amma gidan ECWA ko Baptis ko wata ɗarika ba ya bukatar izinin kowa kafin ya yi nasa shirin. Ga hanya mai sauƙi: Bisharar Luka sura 24 gare ta. In kuka fara ranar 1 ga Disamba, sura ɗaya kowane dare, za ku kammala a jajibirin Kirsimeti. Daɗin abin shi ne, sura ta ƙarshe labarin tashi daga matattu ce, don haka gari na wayewa yara sun riga sun san ko wane ne wannan jaririn da ake yi wa murna, da kuma abin da ya kawo shi.

Bayan tuwon dare ya fi dacewa. A tara wayoyi a cikin kwano ɗaya a rufe, har da ta Baba. A ba yaron da ya fara iya karatu ya karanta, ko da zai yi ta tuntuɓe da sunaye. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Sabon Alkawari kuma ya fito da Jju da Tyap. In Kaka ta fi jin Hyam ko Ninzo ko Nikyob, wani ya sake ba ta labarin da harshenta, jikoki kuwa su kasa kunne, sun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan. Wanda ya makara bai yi asara ba: surori biyu na farko na Luka da biyu na farko na Matiyu su ne duk labarin haihuwar.

2. Ku karanta labarin da idon ɗan Kudancin Kaduna. Hotunan da ke jikin katuna da talabijin sun sa yaranmu suna zaton Kirsimeti ta ainihi tana can ƙasar ƙanƙara, tamu kuwa kwaikwayo ce. Har auduga ake mannawa a jikin itacen roba don ta yi kama da dusar ƙanƙarar da ba mu taɓa gani ba. Alhali labarin haihuwar a Littafi bai ambaci ƙanƙara ba, bai ma faɗi ranar haihuwar ba. Tsohuwar shaidar da ake da ita ta yin bikin ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum take, a shekarar 336, Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar kuwa har gobe 7 ga Janairu suke yin nasu.

Ku dubi abin da ke cikin labarin tukuna. Gwamnati mai nisa ta ba da umarni kowa ya koma garinsu a rubuta shi. Mace mai tsohon ciki ta kama hanyar da ta haura kilomita 100, ta fi nisan Kafanchan zuwa Jos, ba mota ba babur. An isa Baitalami, gari ya cika da baƙi, babu masauki. An haihu, an kwantar da jariri a komin dabbobi. Da lokacin tsarkakewa ya yi, 'yan tattabaru biyu iyayen suka kai Haikali, hadayar da Shari'ar Musa ta yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Daga nan sarki ya aiko da masu takobi, aka karkashe yara, Yusufu ya tashi iyalinsa da tsakar dare suka gudu Masar. Mutanen Goska, da aka afka wa a jajibirin Kirsimetin 2016, da na Malagum a Disamban 2022, ba sai an yi musu sharhin wannan sashe ba. Sun san yadda ake saɓa yaro a kafaɗa cikin duhu ba tare da an tsaya neman takalmi ba.

A nan mamakin yake a wurina. Da Allah ya tashi zama mutum, gida irin namu ya zaɓa, da talauci irin namu, da fargaba irin tamu. Ku tambayi yara bayan karatu: da a ce a unguwarmu aka haife shi, a wane ɗaki za a kwantar da shi? Wa zai kawo ruwan zafi? Wa zai ara wa Maryamu zani? Ku bar su su yi gardama a kai. Amsoshinsu kan fi wa'azi da yawa ratsa jiki.

3. Ku yi lissafi kafin ku shiga kasuwa. A fara cire kuɗin makarantar Janairu a ajiye inda hannu ba zai kai ba, sannan baiko da abin taimako, abin da ya rage shi ne na biki. Daidai ruwa daidai tsaki. Tun da cutar citta ta 2023 ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko, gidaje da yawa da suka saba dogaro da kuɗin citta a ƙarshen shekara sun ga canji, kuma babu abin kunya a cikin rage buri. Watanda ta fi sayen nama kilo-kilo araha, in dai an samu amintattun mutane aka haɗa kuɗi da wuri. Wanda ya nufi kasuwar aladu ta Katsit ya tafi da adadin da ya yanke a ransa. Anko kuwa, in na majami'a da na dangi da na ƙungiyar ƙauye suka haɗu a wata ɗaya, a zaɓi guda. Ba a taɓa korar kowa daga sujada don ya zo da zanen bara ba.

4. Ku bar Mama ta je sujada. Wannan ita ce shawarar da na fi so maza su karanta sau biyu. A gidaje da yawa, ranar 25 ga wata uwar gida takan tashi tun ƙarfe huɗu, ta hura wuta cikin sanyi, ta ɗora shinkafa, ta soya nama, ta shirya yara, ta goge rigar maigida. Kowa ya fita tsaf-tsaf, ita kuwa ko dai ta isa majami'a ana addu'ar rufewa, ko ta zauna a benci tana gyangyaɗi, ko ma ba ta je ba sam. Na girma ina ganin haka, kuma sai da na yi hankali na gane cewa shekaru da yawa mahaifiyata ba ta taɓa jin wa'azin Kirsimeti daga farko har ƙarshe ba. Ranar da muke tunawa da wata uwa da ta haihu cikin wahala, ranar muke dafa tamu uwar a bakin murhu.

Gyaran ba wuya. Cincin da soyayyen nama da markaɗen kayan miya duk ana iya gama su tun ranar 23 da 24. Samari su faskara itace, su cika randuna da duro, su fige kaji. Baba ya goge rigarsa da kansa, hannunsa ba zai ƙone ba. A rage yawan kalolin abinci. A kuma yanke magana tun da dare: gobe tare za mu fita, tare za mu dawo, wanda yunwa ta dama ya sha kunu.

5. Ku aika da kwano ƙetaren titi. Tsofaffin Kafanchan, garin da layin dogo ya tara wa kabilu tun wajen 1927, za su gaya muku yadda a da yara kan wuni suna kai kwanukan shinkafa gidajen Musulmi ranar Kirsimeti, ranar Sallah kuma kwanukan su dawo da tuwo da naman layya. Rikicin 1987 da na 2011 sun raba unguwanni, sun kuma sa hanyar kwanon nan ta yi ciyawa. Amma zumunci a ƙafa yake, kuma ko gida ɗaya ne ya sake bin hanyar, ta fara buɗewa.

A yi shi da ladabi. In za ku aika wa maƙwabci Musulmi, ku ba shi kazar da ranta, ko ku kira Musulmi ya yanka, ku dafa a tukunyar da ba ta taɓa naman alade ba, ku kuma faɗa masa haka a sarari don hankalinsa ya kwanta. In akwai shakka, ɗanyar shinkafa da mai da lemo sun wadatar. Musulmi suna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, sura ta 19 a Alƙur'ani ma sunan Maryam take ɗauke da shi. Bambancin da ke tsakaninmu a kan ko shi wane ne babba ne, kowa ya sani, sai dai bakin ƙofa da kwano a hannu ba wurin muhawara ba ne. Ku gaisa, ku tambayi iyali, ku dawo.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Mutanen farko da aka yi wa albishir a daren haihuwar makiyaya ne, masu kwana a daji da dabbobinsu. Na san yadda kalmar nan take sauka a kunnuwanmu yanzu, na san akwai gidajen da ba a iya furta ta ba tare da hawaye ba. Ba ina cewa a manta da jinin da aka zubar ko a daina neman hakki ba. Amma ba mu da ikon goge kalmar daga Luka sura 2, kuma bai kamata yaranmu su tashi da tunanin cewa akwai wata al'umma sukutum da Allah ya cire daga lissafinsa ba. In akwai Bafulatanar da ta shekara tana kawo muku nono, kun san sunanta, ta san na 'ya'yanku, ku zuba mata nata kason. Wanda zuciyarsa ba ta kai nan ba tukuna, kada a matsa masa. Ya sa abin a addu'a.

6. Yara su gina Baitalami da hannunsu. Laka da karan dawa da ciyawa da 'yar fitilar kwalba sun isa. A shekarar 1223 ne Faransis na Asisi ya shirya komin dabbobi a wani ƙauyen Italiya mai suna Girecco don talakawa su ga labarin da idonsu, daga nan al'adar ta bazu. Mu kuwa ba baƙin laka ba ne: a ƙasar nan mutanen Nok suka ƙera kawunan yumɓun da duniya ke mamaki, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Almasihu. Gidan da ba ya son siffar mutum saboda koyarwar ɗarikarsa, sai yara su tsaya ga bukka da tumaki da jaki. A bar komin babu kowa har safiyar Kirsimeti. Ƙaramin yaro da ya yi mako biyu yana leƙa komin da babu kowa ya koyi ma'anar jira fiye da wanda aka yi wa bayani.

In suka tambayi Baba Kirsimeti, ku gaya musu gaskiya: asalinsa wani bishop ne mai suna Nikolas, a garin Mira da ke ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, wanda aka san shi da taimakon matalauta a ɓoye. Sai ku ba kowane yaro aiki ya yi wa wani alheri ba tare da an gane shi ba.

7. Ku fito tsakar gida ku ɗaga kai. A daren da hazo ya yi sauƙi, musamman in an ɗauke wuta, a hura 'yar wuta a zauna. Kaza da 'ya'yanta suna nan sama a wannan wata tun farkon dare, ku nuna wa yara, ku ba su labarin masanan da suka biyo tauraro daga gabas. Ko hazon da muke tsaki da shi abin kallo ne. Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, iska ta kwaso ta ta ratsa mu, wata har ta ƙetare teku ta sauka a dajin Amazon ta zama taki. Ƙurar da Mama ke sharewa a kan tebur sau uku a rana ta fi yawancinmu yawon duniya. Ga mangwaro kuma, sai da ƙasa ta bushe ƙayau yake fitar da fure.

Iyalin da ke da hali, kuma aka tabbatar hanya lafiya, su je Matsirga da rana su ga ruwa yana zubowa daga kan dutse a tsakiyar rani. Ku ɗan yi shiru a wurin kafin a fara ɗaukar hoto.

8. Ku tuna da kujerar da babu kowa. Disamba ba wata ne na murna zalla a wurinmu ba. A ranar 15 ga Disamba 2012 Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa, yankin nan duka ya yi Kirsimetin shekarar cikin makoki. Wannan kowa ya sani. Waɗanda ba a sani ba su ne na cikin gidaje: gwauruwar da wannan ce Kirsimetinta ta farko ita kaɗai, iyalin da suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa, waɗanda har yanzu nasu yana hannun masu garkuwa, da masu zaman gudun hijira a gidajen dangi.

Kada a yi kamar ba a gani ba. A addu'ar iyali a kira sunayen waɗanda suka riga mu, ɗaya bayan ɗaya, wanda kuka ya zo masa ya yi. Tsohuwar ikilisiya ta ware 28 ga Disamba don tunawa da yaran da sarki Hirudus ya kashe, wato tun da can an san cewa hawaye na da wurinsa a cikin wannan biki. Ku zaɓi gida ɗaya mai makoki ku je da ƙafarku. Aika yaro da kula bai kai zuwa ba. Ku zauna, ku ci tare da su, kada ku cika su da nasiha. "Mama, mun zo mu taya ki zama" ta isa.

9. A rage ƙarar lasifika, a ƙara waƙar baki. Ku ciro Littafin Waƙoƙi, ko da bangonsa ya yage. Ku roƙi Kaka ta koya muku waƙoƙin Zumuntar Mata na da, waɗanda ake yi da tulu da caki, da na 'yan Sabon Rai, da na harshen gida. Ku naɗa a waya, don waɗannan muryoyin ba za su dawwama ba. Tun 1910 'yan mishan na SIM suka sauka a Kwoi, wato akwai gidajen da bangaskiyar nan ta kai zuriya huɗu ko biyar a cikinsu. Ku tambayi tsofaffi wa ya fara karɓar ta a danginku da abin da ya sha a kai.

Samari kuma, magana biyu. Nokawut a garin da ya san ƙarar bindiga ba wasa ba ne, akwai tsohuwar da kowace fashewa sai gabanta ya faɗi. Sannan wanda ya sha burkutu ko giya ya ajiye makullin babur.

10. Kada ku naɗe tabarma ranar 26. A tsohon tsarin ikilisiya, ranar 25 mafari ce, bikin yana tafiya har 6 ga Janairu, ranar tunawa da zuwan masanan nan da zinariya da lubban da mur. Kwanakin tsakiya su ne suka fi natsuwa: baƙi sun ragu, tukwane sun huce, 'yan birni ba su koma ba tukuna. A cikinsu ake samun damar zama da ɗan'uwan da aka yi shekara ba a magana da shi saboda iyakar gona ko rabon gado. A nemi dattijo ɗaya da duka ɓangarorin ke jin nauyinsa, a yi maganar kafin motoci su fara lodi.

Ranar 1 ga Janairu jama'a za su ɗunguma Kagoro don bikin Afan, kalmar da ke nufin dutse da harshen Gworok, a ga maharba da masu rawa a fadar da marigayi Gwamna Awan ya riƙe daga 1945 har 2008. Ku je, ku kai yara su ga kayan kakanninsu. Amma kafin nan, a daren 31 ga Disamba, kafin a fita sujadar shiga sabuwar shekara, ku samo littafin rubutu na 'yan makaranta. Kowa a gidan, daga Baba har autan da sai an riƙe masa hannu, ya faɗi abu ɗaya da Allah ya yi masa a shekarar, da abu ɗaya da yake roƙo, a rubuta da kwanan wata. Wanda ya ce ba shi da abin godiya, a tuna masa da buhun masarar da ke cikin rumbu.

Ku ba Mama littafin ta adana a akwatinta tare da Littafin Waƙoƙi. Baɗi war haka, in Ubangiji ya kai mu, shi za ku fara buɗewa.